Tambaya da Amsa: Iskar da Maganaɗisu ke Korowa daga Gefen Baƙin Rami

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan batu guda, wato gas ɗin da ke tserewa daga tsakiyar wasu galaksi da gudun dubban kilomita a daƙiƙa ɗaya, da kuma hannun maganaɗisu a cikin lamarin. An taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare, kuma abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum shi ne babu abin da ke kuɓuce wa baƙin rami, ko da haske ne. Sai ga shi na ji ana cewa akwai iska mai ƙarfi da ke busowa daga manyan baƙaƙen ramuka. Wanne ne gaskiya? (Wata malama daga Zariya)

Amsa: Malama, duka biyun gaskiya ne, kuma abin da kike koyarwa daidai yake. Baƙin rami yana da iyaka, duk abin da ya ƙetare ta ya tafi ke nan. Iskar da kika ji labari ba daga cikin ramin take fitowa ba, daga gas ɗin da ke kewaya shi take tasowa, wanda bai kai ga iyakar ba tukuna.

Kusan kowace babbar galaksi, wato tarin biliyoyin taurari irin wanda ranarmu take ciki, tana da ƙaton baƙin rami a cibiyarta mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Faɗin iyakar yana bin nauyi ne, kimanin kilomita 3 daga tsakiya ga kowane nauyin rana ɗaya, saboda haka ramin da ya kai nauyin rana miliyan 100 iyakarsa tana nisan kilomita miliyan 300 daga tsakiyarsa, ninki biyu na tazarar da ke tsakanin duniya da rana. Yawancin waɗannan ramuka a kwance suke shiru, domin abin da ke isa gare su kaɗan ne. Wasu kuwa gas yana kwarara musu da yawa, sai cibiyar ta yi hasken da kan danne na taurarin galaksin baki ɗaya, su ne ake kira galaksi masu rayayyar cibiya. Carl Seyfert ya bayyana guda shida daga cikinsu a 1943. A 1963 Maarten Schmidt ya gano cewa wani ɗigon haske mai kama da tauraro, mai lakabin 3C 273, yana nesa da mu fiye da tafiyar haske ta shekara biliyan 2, wanda ke nufin haskensa ya ninka na dukan taurarin galaksinmu fiye da sau ɗari. Irin waɗannan mafiya haske su ake kira kwezar. A 1969 Donald Lynden-Bell na Ingila ya kawo bayanin da ake kai har yau, cewa gas ne ke faɗa wa ƙaton baƙin rami.

Sai dai gas ba ya faɗawa kai tsaye. Yana zuwa ne da juyi, abin da ke kewaya wani abu kuma ba ya faɗa masa haka kawai, shi ya sa duniya ta shafe kimanin shekara biliyan 4.5 tana kewaya rana ba ta faɗa mata ba. Sai gas ɗin ya baje ya zama faifai mai juyawa, na ciki ya fi na waje gudu, gogayyar da ke tsakaninsu ta ɗumama shi har zafin cikin faifan ya kai wajen digiri 100,000. Wannan hanya ta samar da makamashi ta fi ta taurari nesa ba kusa ba: rana tana mai da kashi 0.7 cikin 100 na nauyin makamashinta haske, faifai kuwa yana iya mai da kusan kashi 6 idan ramin ba ya juyawa, har zuwa kusan kashi 40 idan yana juyawa iyakar gudunsa.

Ga inda matsalar take, kuma ina so ɗalibanki su riƙe ta, domin sauran amsoshin duk a kanta suka doru. Ƙarfin juyi ba ya ɓacewa, sai dai a miƙa shi ga wani abu. Gas ɗin da ya taso daga nisan tafiyar haske ta shekara ɗaya, kafin ya isa gab da ramin da muka ambata, dole ya rabu da kimanin kashi 99 cikin 100 na ƙarfin juyinsa. Hanya ɗaya ta yin haka ita ce wani ɓangare na gas ɗin ya ɗauki juyin sauran ya fice da shi. Ke nan iskar da ke fita tana daga cikin abubuwan da ke ba sauran gas damar shiga.

Tambaya: Malam, na fahimci maganaɗisu yana jan ƙarfe. To yaya za a yi ya tura gas, har ya fi ƙarfin janyowar baƙin rami? (Wani ɗalibin jami'a daga Maraɗi)

Amsa: Gas ɗin da ke cikin faifan ba irin iskar da muke shaƙa ba ne. Zafi da haske sun fizge wa ƙwayoyin zarrarsa wasu daga cikin elektiron ɗinsu, sun bar shi da cajin lantarki, yanayin da ake kira filasma, kuma filasma tana ratsar da lantarki sosai. Hannes Alfvén na ƙasar Suwidin, wanda ya fara wallafa aikinsa a kan wannan a 1942 kuma ya sami kyautar Nobel a 1970, ya nuna cewa a irin wannan yanayi gas da layukan maganaɗisu, wato hanyoyin da ƙarfin maganaɗisu ke bi a sarari, a manne suke da juna. Gas yana iya zamewa a bin tsawon layi, amma ƙetare layin yana yi masa wuya ƙwarai. Inda gas ya fi ƙarfi, shi ke jan layin duk inda ya nufa. Inda maganaɗisu ya fi ƙarfi, layin ne ke tilasta wa gas bin sa.

A cikin jikin faifan, inda gas yake da kauri, gas ne mai iko, don haka gindin kowane layi a kafe yake a faifan yana juyawa tare da shi. A saman faifan kuwa gas siriri ne, layin ya fi shi ƙarfi. Ka ɗauka ka zura ƙwayar carbi a cikin waya mai tauri, ka kafa gindin wayar a kan faifai mai juyawa. A gindin wayar, janyowar ramin da ƙarfin da juyi ke cilla abu waje sun yi kunnen doki, shi ya sa ƙwayar ke zaune a wurinta. Idan ta ɗan matsa sama, wayar tana tilasta mata ta gama zagaye a daidai lokacin da gindin ke gama nasa. In wayar a tsaye take ƙyam, matsawar ba ta nisanta ƙwayar daga sandar juyi, sai janyowa ta dawo da ita ƙasa. In kuwa wayar ta karkata waje sosai, duk matsawar da ƙwayar ta yi zagayenta yana ƙara faɗi, gudunta yana ƙaruwa, janyowar ramin kuma tana raguwa, sai ta ci gaba da zamewa waje tana ƙara sauri. Roger Blandford da David Payne sun lissafa wannan a 1982, suka sami amsa mai tsabta: layin da ya karkata fiye da digiri 30 daga tsaye yana iya cilla gas ko da gas ɗin mai sanyi ne, ba sai da taimakon zafi ko haske ba.

Saboda haka maganaɗisu ba shi ne tushen makamashin ba. Makamashin daga juyin faifan yake fitowa, wanda shi kuma daga janyowar ramin ya samo asali, layin maganaɗisu hannu ne kawai da ke miƙa shi daga faifai zuwa iska. Kuma tun da iskar tana jan layin baya, layin yana taka wa faifan birki a gindinsa, gas ɗin wurin ya rage juyi ya gangara ciki.

Abin da ya fi burge ni a wannan lissafi shi ne rahusar cinikin. Layin yana riƙe da taurinsa har zuwa wani nisa, wanda aka sa wa sunan Alfvén, inda gudun gas ya kai ya fi ƙarfinsa. Ƙarfin juyin da kowane giram na iska ke ɗauka yana bin wannan nisa ne a ninka shi da kansa. Idan nisan ya ninka na gindin layin sau uku, kowane giram ya fita da juyin giram tara, wato fitar giram ɗaya ta buɗe wa kusan goma hanyar shiga. Bayan wannan nisa layukan sukan nannaɗe su zama murɗaɗɗu, murɗin kuma yana matse iskar zuwa ga sandar juyi, abin da ya sa ɓangarenta na ciki kan tsuke ya miƙe. Akwai kuma wata hanya ta biyu, inda juyin faifan ke murɗe layukan tun daga ƙasa har matsinsu ya taru ya ɗaga gas sama.

Maganaɗisu yana aiki a cikin jikin faifan ma. Shakura da Sunyaev sun tsara lissafin faifai a 1973 ba tare da sanin ainihin abin da ke kawo gogayyar ba, domin gogayyar ƙwayoyin gas ta yi kaɗan ƙwarai. Sai a 1991 Steven Balbus da John Hawley suka nuna cewa maganaɗisu, ko da mai rauni ne, yana haɗa gas na ciki da na waje ya hargitsa faifan, ya tura juyi waje. Ranarmu ma shaida ce ta kusa: iskar da ke fita daga jikinta tana bin layukan maganaɗisunta tana kwashe mata juyi, shi ya sa take ɗaukar kusan kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya a tsakiyarta, alhali taurari irinta masu ƙuruciya sukan juya cikin 'yan kwanaki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai gyaran lantarki ne, kuma ban yarda da abin da ba a auna ba. Wa ya je can ya auna gudun wannan iska? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ba wanda ya je, amma an auna, kuma awon yana da tushe mai ƙarfi. Idan aka rarraba haske gwargwadon launukansa, kowane sinadari yana shanye wasu launuka ƙayyadaddu, ya bar duhu a gurbinsu, kuma an san waɗannan gurabe daga gwaji a nan duniya. Idan gas ɗin da ke shanye hasken yana tahowa wajenmu, guraben sukan gusa zuwa ɓangaren shuɗi, girman gusawar kuma shi ke ba da gudun. Da irin wannan ƙa'ida na'urar auna gudun motoci a kan titi take aiki.

A 1967 Roger Lynds ya ga faffaɗan gurabe a hasken kwezar mai lakabin PHL 5200, daga baya aka gano cewa tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na kwezar suna da irinsu, da gudun dubbai har zuwa dubban gomomin kilomita a daƙiƙa. Babban ci gaba ya zo da na'urori biyu da aka harba sararin samaniya a 1999, Chandra ta Amurka da XMM-Newton ta Turai, masu kallon hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Chandra ta zuba wa galaksin NGC 3783 ido na jimillar daƙiƙa kusan 900,000, fiye da kwana goma ke nan, ta ga ɗimbin gurabe na gas mai fita da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Irin wannan gas mai matsakaicin gudu ana ganinsa a kusan rabin galaksin Seyfert, wato irin waɗanda Carl Seyfert ya bayyana, da ake iya hango cibiyarsu kai tsaye.

Sai kuma mafiya gudu. A 2003 Ken Pounds da abokan aikinsa a Jami'ar Leicester sun ba da rahoton iska mai tsananin gudu a kwezar PG 1211+143, a 2010 kuma Francesco Tombesi da abokansa suka bincika galaksi 42, suka sami alamarta a fiye da kashi ɗaya cikin uku. Gudunta ya haura kilomita 10,000 a daƙiƙa, wani lokaci yakan kusa kashi 30 cikin 100 na gudun haske, wanda shi ne kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ana gane ta ne da gurbin baƙin ƙarfe, wanda ƙwayar zarrarsa ke da elektiron 26 amma a can an fizge duka sai ɗaya ko biyu. Gudun yana kuma nuna wurin da iskar ta taso, domin iska kan fita da gudun da ya yi kusa da wanda ake bukata a tsere daga mafarinta. Wadda ke gudun kashi 10 cikin 100 na haske ta taso ne daga nisan da bai wuce ninki ɗari na iyakar ramin ba sosai, wato daga cikin faifan.

Na'urar XRISM, wadda Jafan ta harba a watan Satumba na 2023 da haɗin gwiwar Amurka da Turai, tana da ma'aunin da aka sanyaya zuwa digiri 0.05 sama da iyakar sanyi, wato sanyin da babu wanda ya fi shi, don haka tana rarrabe guraben da a da suke cakuɗe. Da ta kalli kwezar PDS 456, abin da ake gani a baya kamar faffaɗan gurbi ɗaya sai ya rabu gida biyar, kowanne da gudunsa tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na haske. An wallafa sakamakon a 2025, ma'anarsa kuma ita ce iskar dunƙule-dunƙule take fita, ba shimfiɗe ba.

Tambaya: Malam, an tabbatar maganaɗisu ne ke korar wannan iska, ko hasashe ne kawai? (Wani malamin kwaleji daga Sakkwato)

Amsa: Malam, an tabbatar da iskar, amma abin da ke korarta har yanzu masana suna muhawara a kai, kuma duk wanda ya ce maka an gama magana ya yi gaggawa. Hanyoyi uku ake gwadawa.

Ta farko zafi ce: hasken eksire yana ɗumama saman faifan can nesa da ramin har gas ya tashi. Wannan na iya bayyana iska mai gudun ɗaruruwan kilomita, amma ba ta kai ga mafiya gudu.

Ta biyu matsin haske ce, kuma ita ce babbar abokiyar takarar maganaɗisu. Haske yana tura abin da ya shanye shi, ƙwayar zarrar da ke da sauran elektiron masu yawa kuma tana shanye haske a dubban gurabe, abin da kan ninka turin sau ɗaruruwa. Norman Murray da abokansa a 1995, da Daniel Proga da nasa abokan a 2000, sun nuna cewa wannan hanya tana iya samar da iskar kwezar masu faffaɗan gurabe, muddin akwai wani gas a ciki da ke kare ta daga hasken eksire. Rauninta a fili yake: gas ɗin da aka fizge wa kusan dukan elektiron ba shi da sauran guraben da haske zai kama shi da su. Abin da ya rage sai turin haske a kan elektiron masu yawo, shi kuma ba ya rinjayar janyowar rami sai hasken ya kusa wani mizani da ake kira iyakar Eddington. PDS 456 tana kusa da wannan iyaka ko ta haura, don haka masu ra'ayin haske suna da hujja a kanta. Amma ana ganin iska mai tsananin gudu a galaksin da haskensu ya yi ƙasa da iyakar sosai, kuma a nan ne maganaɗisu ke da rinjaye, domin bai damu da yawan elektiron da suka rage ba, bai kuma dogara da yawan haske ba. Keigo Fukumura da Demosthenes Kazanas da abokansu sun nuna tun 2010 cewa iskar maganaɗisu guda ɗaya, mai tasowa daga faɗin faifan duka, tana iya ba da mai gudu daga ciki da mai tafiyar hawainiya daga waje.

Wahalar ita ce ba a auna maganaɗisun waɗannan faifai kai tsaye, saboda haka hujjar takan zama ta tsame sauran: zafi bai isa ba, haske bai isa ba, saura maganaɗisu. Irin wannan hujja tana da rauni, domin ƙarfinta ya dogara da ingancin lissafin da aka tsame sauran da shi. An ga haka a kan GRO J1655-40, ƙaramin baƙin rami a cikin galaksinmu. Jon Miller da abokansa sun kafa hujja a 2006 cewa iskarsa ta yi kauri da kusanci fiye da yadda zafi ko haske za su iya, daga baya wasu suka ce wataƙila haskensa na gaskiya ya fi wanda ake gani yawa, gas ne ya rufe shi.

Shaidun da suka fi gamsar da ni su ne masu nuna juyi, domin iskar maganaɗisu dole ta fita tana juyawa, tun da aikinta ke nan. A 2024 Mark Gorski da Susanne Aalto da abokansu, da na'urorin ALMA da ke hamadar Atakama a Chile, sun ga gas mai kauri yana fita a murɗe daga cibiyar galaksin ESO 320-G030, mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 120. Ana ganin irin wannan fita mai juyi a jikin jariran taurari, kamar HH 212 a yankin Oriyon, inda babu hasken da zai iya turin, kuma a can yawancin masana sun yarda maganaɗisu ne. Akwai kuma abin da XRISM da XMM-Newton suka kama a NGC 3783 a 2024: hasken eksire ya yi tsalle, cikin kusan yini guda sai ga iska mai gudun kusan kashi 20 cikin 100 na haske ta bayyana. Masu binciken sun danganta shi da tsinkewa da sake haɗuwar layukan maganaɗisu, irin yadda rana ke yin aman filasma.

A ganina, neman gwani ɗaya a cikin ukun kuskure ne. Faifan yana da faɗin da ya ninka cikinsa sau dubbai, kuma abin da ke mulki a ciki ba lallai ya yi mulki a waje ba. Amma ga iska mafi gudu, mafi rashin elektiron, a galaksi marasa tsananin haske, hujjar maganaɗisu ce ta fi nauyi.

Tambaya: Siririn feshin nan da ake gani a hotunan galaksin M87, shi ne iskar? (Wata mai karatu daga Garwa)

Amsa: 'Yan uwa ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Heber Curtis ya fara lura da feshin M87 a 1918, tsawonsa a hasken ido ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 5,000. Feshi siriri ne, gas ɗin cikinsa kaɗan ne, gudunsa kuma gab yake da na haske. Iska faffaɗa ce, ta fi shi nauyi, ta fi shi jinkiri. Bayanin da ya fi karɓuwa a kan feshi shi ne na Blandford da Roman Znajek na 1977, inda layukan maganaɗisu ke ratsa iyakar rami mai juyawa su tatsi makamashin juyin ramin kansa, alhali iska daga juyin faifai take sha. Feshi mai ƙarfi ba kowace cibiya ke da shi ba, kusan kwezar ɗaya cikin goma ne, iska kuwa ta fi yaɗuwa.

M87 ce wurin da aka fi kusa da ganin maganaɗisun da ido. Haɗakar na'urorin Event Horizon Telescope ta fitar da hoton inuwar raminta a ranar 10 ga Afrilu 2019, rami mai nauyin rana biliyan 6.5 a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 55. A 2021 ta fitar da wani hoton da ke nuna tsarin karkatar hasken zoben da ke kewaye da inuwar, wanda ya bayyana maganaɗisu mai tsari a murɗe, da ƙarfin gawus 1 zuwa 30 (gawus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), alhali na duniya bai wuce kusan rabin gawus ba. Ƙarfin ya isa ya yi jayayya da gas ɗin da ke shiga.

Tambaya: Malam, mene ne tasirin wannan iska, kuma akwai haɗari gare mu? (Wani magidanci daga Damagaram)

Amsa: Babu haɗari. Ramin da ke cibiyar galaksinmu yana da nauyin rana kusan miliyan 4, yana nesa da mu tafiyar haske ta shekara kusan 26,000, kuma a yanzu abin da yake haɗiya kaɗan ne ƙwarai. Akwai dai wasu manyan kumfa biyu na gas mai zafi sama da ƙasan cibiyar, waɗanda aka gano a 2010 da na'urar Fermi, kowanne da tsawon tafiyar haske ta shekara kusan 25,000, kuma ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne ramin ya taɓa farkawa shekaru miliyoyi da suka wuce.

Tasirin a kan galaksin da abin ke faruwa a cikinta kuwa babba ne. A 2000 rukunoni biyu na masana, na Laura Ferrarese da David Merritt da kuma na Karl Gebhardt, sun gano cewa nauyin baƙin rami yana tafiya daidai da gudun taurarin da ke dunƙulen tsakiyar galaksinsa, duk da cewa ramin bai wuce 'yan kasoshi cikin dubu na nauyin dunƙulen ba, janyowarsa kuma ba ta kai ga yawancin taurarin. Dole akwai abin da ke haɗa su. Joseph Silk da Martin Rees sun riga sun ba da shawara a 1998 cewa idan rami ya girma, iskarsa tana share gas ɗin da taurari ke samuwa daga gare shi, ta kuma yanke wa ramin kansa abinci. Lissafin kwamfuta ya nuna cewa idan iskar ta ɗauki ko da kashi 0.5 zuwa 5 cikin 100 na makamashin hasken cibiyar, ta isa yin wannan aiki. A galaksin Markarian 231, Chiara Feruglio da abokanta sun auna a 2010 cewa gas mai sanyi yana ficewa da kimanin nauyin rana 700 a shekara, fiye da wanda ke zama taurari. Wannan gas ba daga faifai ya fito ba, gas ɗin galaksin ne da ake ganin iskar ciki ta bankaɗe ta tura gaba.

Tambaya: Zan iya ganin wani abu daga cikin waɗannan da kaina? (Wata ɗaliba daga Kano)

Amsa: 'Yata, iskar ba za ta ganu ba, feshin M87 ma sai da babban madubin hangen nesa ko hoto mai dogon ɗauka, amma galaksin kanta tana ganuwa, kuma Kano wuri ne mai kyau na kallonta. M87 tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba sama biyu, arewa da kudu, Kano kuma tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya haka, saboda haka takan ratsa daidai tsakar kanki. Tana cikin burjin Sunbula, tana kaiwa ƙololuwa wajen tsakar dare a farkon Afrilu, wajen ƙarfe tara na dare kuma a tsakiyar Mayu. Ki nemi daren da babu farin wata, nesa da fitilun gari, da ƙaramin madubin hangen nesa, za ki gan ta kamar ɗan dunƙulen hazo. Kwezar 3C 273 ma tana cikin wannan burji, kusan digiri 10 kudu da M87, sai dai ta fi dusashewa, tana bukatar madubi mai faɗin santimita 20 ko kusa da haka, da taswirar taurari da za ta taimaka miki ki bambance ta daga taurarin da ke kewaye da ita.